Wasiƙa Daga Amurka: Ƙurar 11 Ga Satumba Da Huhun Waɗanda Suka Shaƙe Ta

  

Wasiƙar wannan karo ta tarihi ce, kuma za ta ɗan yi tsawo, don haka a gyara zama. Maganar ta fito ne daga darasin lafiyar ma'aikata da muhalli da muke yi a nan jami'a, inda duk malamin da ya zo batun ƙura sai ya koma kan abin da ya faru a birnin Niyok bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san labarin ranar: jirage biyu, tagwayen benaye na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, da mutum 2,753 da aka lissafa sun rasu, cikinsu har da 'yan kwana-kwana 343. Abin da bai cika isa gida ba shi ne abin da ya biyo baya. A watan Satumba na 2023 hukumar kashe gobara ta birnin ta sanar cewa ma'aikatanta da suka mutu daga baya, sanadiyyar cututtukan da aka danganta da aikin wurin, sun kai 343, wato daidai da waɗanda ginin ya danne a ranar. Tun daga nan adadin ya wuce haka.

Abin da nake so in nuna muku shi ne, ƙurar ta yi mafi yawan ɓarnarta a huhun mutane cikin 'yan kwanaki da makonni, amma kafin hukuma ta yarda cewa ita ce ta yi ɓarnar sai da aka ɗauki shekaru, kuma ba lokaci guda aka yarda da kowa ba. Wanda yake da takardar da ta nuna yadda numfashinsa yake kafin ranar, shi aka fara saurara. Wanda ba shi da ita, ya daɗe yana tari yana jira.

Me Ke Cikin Ƙurar?

Benen kudu ya rufta da ƙarfe 9:59 na safe, na arewa ya bi shi da ƙarfe 10:28, kowannensu hawa 110. Da yamma wani bene mai hawa 47 da ke gefensu shi ma ya faɗi. Nauyin faɗuwar ya niƙe kusan komai ya zama gari: kankare, filastar bango, gilashin tagogi, zaren gilashi da ake cusawa cikin bango don tare zafi da sanyi, kwamfutoci, kujeru, wayoyin lantarki. Akwai asbestos da aka fesa wa ƙarafan ƙasan benen arewa lokacin gininsa don kariya daga wuta, akwai kuma dalma. Ga man jirgi kimanin lita 90,000 da ya tayar da gobara, wutar kuma ta ci gaba da ci a ƙarƙashin ɓaraguzai har cikin watan Disamba, kusan kwana 100, tana fitar da hayaƙin robobi da sauran tarkace.

Mu da muka tashi cikin hazon hunturu muna iya cewa ai ƙura ƙura ce. Hazo ƙasa ce da iska ta kwaso daga Sahara, ita ma tana da nata lahanin, mai asma ya sani. Amma wannan daban take. Wani masani mai suna Paul Lioy na Jami'ar Rutgers ya je ya ɗebi ƙurar daga kan motoci da bakin tagogi 'yan kwanaki bayan rushewar, ya kai ɗakin gwaji tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon a 2002. An gano ƙurar tana da kaifi irin na ruwan toka. A ma'aunin da ake auna tsami da kaifin abu, ruwan sha yana kan 7, ita kuwa wannan ƙura ta kai 9 zuwa 11, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne na wanda ke ƙasansa. Duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti da hannu ya san yadda yake cin fata har ta tsage. To a ƙaddara wannan abu ne ya sauka a kan jiƙaƙƙiyar fatar hanci da maƙogwaro da bututun huhu.

Akwai wani abu kuma game da girman ƙwayoyin. Sama da kashi 90 cikin 100 na nauyin ƙurar manyan ƙwayoyi ne, waɗanda suka wuce maikiron 10. Don a gane, kaurin silin gashin kai yana kai wa maikiron 70. A ilmin da ake koyarwa kafin 2001, irin waɗannan manyan ƙwayoyi hanci ne yake tare su, ƙananan da ba su kai maikiron 2.5 ba su ne abin tsoro don su suke kutsawa can ƙasan huhu. Sai dai hanci yana iya aikinsa ne idan ƙurar daidai misali ce. Mutumin da yake gudu cikin gajimaren da ya mayar da rana dare, ko wanda yake haƙa da hannu awa 12 yana haki, da baki yake numfashi, kuma har haɗiyar ƙurar yake yi. Shi ya sa manyan ƙwayoyin suka isa inda ba a zata ba. Na'urorin hukuma kuwa sun fi mayar da hankali kan asbestos da ƙananan ƙwayoyi, abubuwan da doka ta gindaya wa iyaka.

Sanarwar 18 Ga Satumba

Ranar Litinin 17 ga Satumba aka sake buɗe kasuwar hannun jari da ke 'yan taku daga wurin, dubban ma'aikatan ofis suka koma bakin aiki. Washegari, 18 ga wata, shugabar Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, Christine Todd Whitman, ta fitar da sanarwa tana tabbatar wa mutanen Niyok cewa iskarsu ba ta da haɗari ga mai shaƙa. Jama'a suka dogara da wannan magana. Masu haya suka koma gidajen da ƙura ta lulluɓe katifu da labule da na'urar sanyaya ɗaki. Sashen lafiya na birnin ya ba su shawarar su goge da jiƙaƙƙen tsumma ko jiƙaƙƙen abin goge ƙasa. Ranar 9 ga Oktoba ɗaliban sakandaren Stuyvesant, kusan 3,000, suka koma aji, alhali a gefen makarantar ne manyan motoci suke juye ɓaraguzai cikin jiragen ruwa na dako dare da rana.

A watan Agusta na 2003 ofishin babban sufeton hukumar da kanta ya fitar da rahoto cewa a lokacin da aka yi wannan sanarwa hukumar ba ta da isassun bayanan da za ta yanke irin wannan hukunci, kuma wani ofishi a fadar shugaban ƙasa ya sa baki wajen tsara sanarwoyin, aka ƙara kalmomin kwantar da hankali aka cire na gargaɗi. Mazauna unguwar sun kai Whitman kotu. A 2006 wata mai shari'a ta ƙi korar ƙarar, amma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za a ɗora mata alhakin biyan diyya ba. Sai a 2016, shekara 15 bayan abin, ta fito ta nemi gafara a wata hira da jarida, tana mai cewa da bayanan da aka ba ta ta yi aiki.

A kan tulin ɓaraguzan kuwa, aiki bai tsaya ba sai 30 ga Mayu, 2002, bayan an kwashe tan miliyan 1.8. A kwanakin farko takunkumi mai matata ya yi ƙaranci, mutane da yawa da na takarda suka yi aiki, wasu ba komai. Da kayan suka wadata ma, ba a tilasta sawa ba yadda ya kamata. Takunkumin yana da nauyi, yana hana a ji magana, ga zafi, ga mutum yana neman gawar abokin aikinsa ko ɗan uwansa. Ba wanda zai ga laifinsu. Amma huhu bai san uzuri ba.

Waɗanda Suke Da Takarda

Hukumar kashe gobara ta Niyok tana da wata al'ada tun 1997: kowane ma'aikaci akan sa shi ya busa cikin na'urar auna numfashi lokaci-lokaci, a rubuta a ajiye. Abin da aka fi dubawa shi ne yawan iskar da mutum yake iya fesowa da iyakar ƙarfinsa a daƙiƙa ɗaya ta farko. Wannan lamba tana raguwa a hankali da shekaru, kamar mililita 30 a shekara ga lafiyayyen mutum. Ba wanda ya san cewa waɗannan takardu za su zama hujja mafi ƙarfi a duk tarihin nan.

Likitan huhu na hukumar, David Prezant, wanda shi ma rushewar ta rutsa da shi, ya fara ganin ma'aikata suna zuwa da wani irin tari mai naci. A watan Satumba na 2002 shi da abokan aikinsa suka buga bayanin mutum 332 da tarin ya hana su aiki na mako huɗu ko fiye, har aka sa wa ciwon suna tarin Cibiyar Kasuwanci. Abin lura a nan shi ne yadda ciwon ya bi lokacin zuwa. Cikin waɗanda suke wurin da safiyar rushewar, kashi 8 cikin 100 ne suka kamu. Cikin waɗanda suka zo daga baya a kwana biyun farko, kashi 3. Waɗanda suka zo bayan haka a cikin makon, kashi 1. A ilmin bin diddigin cuta, idan ka ga ciwo yana ƙaruwa daidai da yawan abin da aka shaƙa, to ka kama hanyar sanadi. Kashi 87 na masu tarin kuma suna fama da ƙwannafi mai tsanani, saboda ƙurar da suka haɗiya ta taɓa hanyar abinci, ruwan cikin da ke tasowa kuma yana ƙara tsokanar tarin.

A 2006 aka kwatanta gwajin busa na ma'aikata sama da 12,000 kafin ranar da bayanta. A shekara ɗaya sun yi asarar mililita 372 a kan matsakaici, wato ɗan fiye da cikin kwalbar lemo, abin da a ƙa'ida sai an shekara 12 ake rasawa. Likitoci sun yi fatan huhun zai farfaɗo, domin haka aka saba gani idan ɗan kwana-kwana ya shaƙi hayaƙin gobara: numfashi ya ragu, bayan 'yan makonni ya dawo. A 2010 aka buga sakamakon bibiyar shekara bakwai a kan mutum 12,781, aka ga abin da ya tafi bai dawo ba. Cikin waɗanda ba su taɓa shan taba ba, kashi 13 na 'yan kwana-kwana da kashi 22 na ma'aikatan motar asibiti numfashinsu ya zauna ƙasa da ƙa'ida. A tuna, waɗannan mutane ne da aka zaɓa saboda ƙarfin jiki.

An kuma ga ƙaruwar wata cuta da ake kira sakoidosis, inda ƙananan ƙulli suke fitowa a huhu, wani lokaci su bar tabo mai hana shi buɗewa. An samu mutum 26 a hukumar cikin shekara biyar, rabinsu a shekarar farko kaɗai, abin da ya ninka yadda aka saba gani sau biyar ko fiye a wannan shekarar.

Sauran ma'aikata, irin su 'yan sanda da magina da masu yankan ƙarfe da masu gyaran waya da 'yan sa kai, ba su da irin wannan tsohuwar takarda, amma suna da ƙungiyoyin ƙwadago masu murya. A watan Yuli na 2002 asibitin Mount Sinai ya fara duba su da kuɗin gwamnatin tarayya. Rahotonsa na 2006 a kan mutum 9,442 ya nuna kashi 69 cikin 100 sun samu sabuwar matsalar numfashi ko tsohuwa ta ƙaru lokacin aikin, kuma kashi 59 har lokacin da aka duba su matsalar tana nan.

Waɗanda Ba Su Da Takarda

Yanzu mu zo ga ɗaya ɓangaren. An kiyasta mutum kusan 400,000 ne ƙurar ta shafa, kuma mafi yawansu ba masu ceto ba ne. Mazauna ne, da ma'aikatan ofis, da ɗalibai, da masu shaguna, da masu wucewa. Akwai talakawan unguwar 'yan Sin da ke kusa, akwai kuma wasu sassan Buruklin da iska ta kaɗa hayaƙin can. Sannan akwai 'yan aikin yini da kamfanonin shara suka ɗauka don goge ofisoshin da ke kewaye, yawancinsu baƙi daga Latin Amurka da Folan, da yawa ba su da takardar zama, ba su da inshorar lafiya, kuma an ba su bokiti da tsumma ba tare da kariyar kirki ba. A farkon 2002 wata motar asibiti da masana na Kwalejin Queens da ƙungiyoyin kare ma'aikata suka kafa a bakin titi ta duba sama da 400 daga cikinsu, kusan duka suna kukan tari, ciwon maƙogwaro, toshewar hanci ko ciwon ƙirji.

Matsalar waɗannan mutane ita ce ba wanda ya taɓa auna numfashinsu kafin ranar. Idan mace ta je ta ce tun da na koma gidana nake shessheƙa, sai a ce ko dama kina da asma, ko damuwa ce, tunda kowa a birnin yana cikin firgici. Ga kuma sanarwar hukuma cewa iska lafiya lau take. Likita Joan Reibman ta asibitin Bellevue, wadda take kula da masu asma, ita da sashen lafiya na jihar suka bi gida-gida da tambayoyi. Sakamakon da suka buga a 2005 ya nuna kusan kashi 56 cikin 100 na mazauna kusa da wurin sun samu sabuwar matsalar numfashi, a wata unguwa mai nisa da aka kwatanta da ita kuwa kashi 20 ne.

Wani abin da ya ƙara wahalar da su shi ne, da yawansu idan suka busa a na'urar da aka saba, sai ta nuna lafiya lau. Sai da aka yi amfani da wata na'ura da take tura sauti cikin ƙirji tana auna yadda iska ke samun cikas, aka gano lahanin yana can cikin ƙananan rassan huhu, inda gwajin busa ba ya gani sosai. Ashe mutanen gaskiya suke faɗa, ma'aunin ne bai kai wurin ba.

Shirin hukuma na share cikin gidaje bai fara ba sai a 2002, kuma gidaje kusan 4,000 kawai ya taɓa, a kudu da titin Canal, sai ka ce ƙura ta san iyakar titi. Asibitin Bellevue ya fara kula da mazauna da masu shara ne da taimakon ƙungiyoyin unguwa, ba tare da tambayar inshora ko takardar zama ba. Kuɗin Red Cross ya shigo a 2005, na birnin a 2006. A lissafa tazarar da ke tsakaninsu da 'yan kwana-kwana.

Abin da ya cike giɓin, ko da a makare, shi ne rajista. Tsakanin 2003 da 2004 sashen lafiya na birnin da gwamnatin tarayya suka rubuta sunayen mutum sama da 71,000 don a riƙa bibiyar lafiyarsu. Daga wannan rajista aka gano cewa cikin ma'aikatan ceto da kwasar ɓaraguzai 25,748, mutum 926 likita ya tabbatar musu da sabuwar asma cikin shekara biyu zuwa uku, ninki 12 na abin da aka saba, kuma waɗanda suka sa takunkumi da wuri sun fi tsira. A 2009 aka ga cewa mutum ɗaya cikin goma na manyan da ba su da asma kafin ranar ya kamu da ita cikin shekara biyar zuwa shida, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda gajimaren ya rufe, da waɗanda suka tarar da ƙura mai kauri a gida ko ofis.

Gardama Kan Gawa, Sannan Doka

Asusun diyya na farko da Majalisa ta kafa a 2001 ya raba kimanin dala biliyan 7, amma an tsara shi ne don waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a sa'o'in farko, kuma ya rufe karɓar takardu a Disamba 2003. Wanda ciwonsa ya bayyana a 2005 ya tarar da ƙofa a rufe.

Mutuwar mutum biyu ta canza akalar maganar. Felicia Dunn-Jones lauya ce mai shekara 42 da gajimaren ƙurar ya rufe ta tana gudu daga ofis. Ta rasu a Fabrairu 2002 da sakoidosis. Sai a Mayu 2007 babban likitan binciken gawa na birnin ya amince a sa sunanta cikin waɗanda harin ya kashe, ita ce ta farko da aka ƙara saboda ƙura. Na biyu ɗan sandan ciki ne, James Zadroga, wanda ya yi ɗaruruwan sa'o'i a kan ɓaraguzan, ya rasu a Janairu 2006 yana da shekara 34. Likitan gawa a jihar New Jersey ya danganta mutuwarsa da ƙurar, na birnin Niyok ya ce ba haka ba ne. Gardamar ta yi zafi, amma sunansa aka sa wa dokar da ta biyo baya.

A 2010 ma'aikata sama da 10,000 da suka kai birnin da 'yan kwangila ƙara suka amince da sulhu na sama da dala miliyan 600. A ƙarshen shekarar, bayan an taka wa ƙudurin birki a Majalisar Dattawa an kuma rage kuɗinsa, dokar Zadroga ta wuce, Shugaba Obama ya sa hannu ranar 2 ga Janairu, 2011. Ta kafa shirin duba lafiya da magani kyauta, kuma a wannan karo ta haɗa masu ceto da mazauna a ƙarƙashin doka ɗaya, ta sake buɗe asusun diyya. Shekara biyar kawai aka ba ta. Sai da marasa lafiya suka yi ta sintiri zuwa Washinton, wasu da tukunyar iskar numfashi a hannu, kafin a 2015 aka tsawaita shirin lafiyar zuwa 2090, a 2019 kuma aka tabbatar da kuɗin asusun diyya na dogon lokaci. Wani tsohon ɗan sanda, Luis Alvarez, ya ba da shaida a Majalisa a watan Yuni 2019 yana fama da ciwon daji, ya rasu kafin watan ya ƙare, wata guda kafin a sa hannu. Zuwa 2023 mutanen da ke cikin shirin lafiyar sun haura 120,000.

Shi ciwon daji bai shiga jerin cututtukan dokar ba da farko. A 2011, daga takardun 'yan kwana-kwanan nan dai, aka ga waɗanda suka yi aiki a wurin sun fi takwarorinsu da ba su je ba kamuwa da kimanin kashi 19 cikin 100, a 2012 aka ƙara nau'o'in ciwon daji da dama cikin jerin. Labarin bai ƙare ba, domin ciwon dajin rigar huhu da asbestos ke haddasawa yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana.

Ba Yau Aka Fara Ba

Kada a ɗauka Amurka ba ta san haɗarin ƙura ba sai a 2001. A 1930 aka fara haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a jihar West Virginia, kusan kilomita biyar cikin dutse mai yawan sinadarin yashi. An yi ta huda dutsen a bushe ba tare da yayyafa ruwa ba, ba takunkumi. Mafi yawan leburorin baƙaƙen fata ne da suka zo ci-rani daga kudu. Huhunsu ya sandare cikin watanni, wasu suka mutu a wurin, wasu suka koma garuruwansu suka mutu a can ba wanda ya rubuta. Majalisa ta yi zama a kai a 1936, amma sai a 1986 wani likita, Martin Cherniack, ya bi tsofaffin takardu ya kiyasta cewa aƙalla mutum 764 ne suka mutu. Kiyasi ne, don babu rajista. Bambancin wannan da na Niyok shi ne a Niyok an samu wasu da aka auna tun kafin bala'in, aka kuma rubuta sunayen wasu bayansa.

Abin Da Ya Shafe Mu

Rushewar gini irin wanda muke gani a gida, kamar benen Ikoyi na Legas a 2021 ko makarantar da ta rufta a Jos a 2024, bai kai ko kusa da girman wannan ba, kuma ba na cewa sakamakon zai zama ɗaya. Amma kankare kankare ne, tsofaffin gine-ginenmu da yawa suna da rufi da silin na asbestos, kuma mun san su wa suke fara isa wurin: matasan unguwa da leburori, da hannu da shebur, hanci a buɗe. Haka ma idan kasuwa ta ƙone, 'yan kasuwa suna tonon toka tun tana hayaƙi.

Abubuwan da tarihin nan ya koyar ba masu tsada ba ne. A yayyafa ruwa kafin a taɓa ɓaraguzai, kada a share a bushe. Ƙyalle ko rawani ba ya tare irin wannan ƙura, a nemi takunkumi mai matata wanda ya kama fuska, tun ranar farko, don ranar farko ce ta fi ɓarna. A hana yara da masu asma zuwa kallo. Mai unguwa ko shugaban ƙungiya ya ɗauki littafi ya rubuta sunan duk wanda ya yi aiki a wurin da kwanakin da ya yi. Wanda tarinsa ya wuce mako uku ko huɗu ya je asibiti ya gaya wa likita abin da ya shaƙa, ya kuma adana katinsa. 'Yan uwanmu magina da masu fasa dutse da 'yan kwana-kwana, idan akwai halin yin gwajin busa a asibitin koyarwa tun ana lafiya, a yi a ajiye takardar.

Su kuma 'yan uwa da ke Niyok, idan akwai wanda ya zauna, ya yi aiki, ya yi talla ko ya yi makaranta a kudancin Manhatan, ƙasa da titin Houston, tsakanin Satumba 2001 da Yuli 2002, kuma yana fama da tari, shessheƙa, ciwon hanci ko ƙwannafi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya bincika ko ya cancanci shiga shirin lafiyar. Ku isar wa wanda bai ga wannan wasiƙa ba.

Nan zan dakata. A gaida kowa da kowa, manya da yara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya. Sai wasiƙa ta gaba.

Wassalam.